Yadda Za Ka Gyara Hitar Banɗaki Kafin Mahaifiyarka Ta Koma Gidan Ƙaninka

Kai da ka tashi da safe ka murɗa famfon ruwan zafi, ruwa ya sauko maka a ƙeya kamar daga firji aka ɗebo shi, kwantar da hankalinka. Ka zo inda ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na yi masa alkawari hitarsa ba za ta sake zama yadda take ba. Wannan kam ko kokwanto babu.

Ilimin nan a wajen maƙwabcina Malam Birki na samo shi. Mai koyar da tuƙin mota ne, kuma ɗalibansa ne suka laƙa masa sunan, don duk wanda ya taɓa zama a gefensa ba abin da yake tunawa sai ihun "Birki! Birki!" Yana zaune da matarsa, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, da kuma mahaifiyarsa, Inna, wadda ta dawo wajensa tun rasuwar babansu. Inna na fama da ciwon gwiwa. In ba ta gasa gwiwoyin da ruwan zafi da safe ba, ranar ko tsugunawa sai ta gagare ta. Akwai kuma ƙaninsa, Auta, mai shagon kujeru, wanda ya gina sabon gida, kuma tun da ya tare bai da wata waƙa sai ta "Inna, ki dawo wajena ki huta." Malam Birki in ya ji wannan waƙar har abinci fita kansa yake yi.

To, ranar da hitar gidansa ta mutu, ga yadda ya yi. Ka bi sawunsa.

Mataki na 1: Ka ƙi yarda ta lalace

Kayan wuta suna da kunne. Da zarar ka furta cewa sun lalace, sai su ɗauka an ba su izini. Saboda haka ka musa.

Da Sista ta leƙo ta ce masa ruwan ba zafi, Malam Birki ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ba ta gama ɗaukar zafi ba ne. Ku mata ba ku da haƙuri da inji."

Ya ɗauki tawul ya shiga don ya nuna musu. Daga falo ana jin lokacin da ruwan ya taɓa shi, don wata 'yar ƙara ya yi irin ta ɗan akuya, nan take kuma ya mai da ita waƙa. Ya fito leɓe na karkarwa.

Sista ta ce, "Yaya ruwan, maigida?"

Ya ce, "Da-da-daidai jiki."

Inna ta dogara sandarta ta shiga, ta tara hannu, ta janye. Ta ce wa ɗan nata, "Babba, wannan ruwan ai ko kifi aka saka ciki sai ya nemi bargo."

Mataki na 2: Ka hana a kira mai gyara

Nan ne ake gane maza. Matarka za ta ɗauko waya. Ka tare ta da murya mai sanyi irin ta wanda ya ga duniya.

Malam Birki ya ce, "Sista, ajiye wayar nan. Mutumin da yake buɗe bakin mota kullum, 'yar wannan randar ƙarfen ce za ta gagare shi?"

Gaskiya ne yana buɗe bakin mota. Abin da bai faɗa ba shi ne, in ya buɗe, riƙe ƙugu yake yi yana kallon ciki yana girgiza kai har bakanike ya iso. Sista ta san haka, amma ta ajiye wayar, don ta daɗe da gane cewa akwai ciwon da ba ya jin magani sai ya gama cin lokacinsa.

Inna ce ta ƙara wa wutar fetur ba da niyya ba. Tana mulmula gwiwa ta ce, "Auta ya bugo yanzu. Na gaya masa. Ya ce da yamma zai zo ya ɗauke ni in yi kwana biyu a can har a gyara."

Malam Birki ya san kwana biyun gidan Auta. Mutumin da yake sayar da kujeru, in ya zaunar da tsohuwa a kan wadda ta fi kowacce laushi, wa zai iya tayar da ita? Ya hango ɗakin Inna a rufe, ba rediyonta, ba mai ce masa ya rame. Ya hango dangi suna cewa babban ɗa ya kasa riƙe uwarsa saboda ruwan wanka.

Ya ce, "Inna, ba inda za ki. Kafin ya iso sai kin roƙe ni in rage zafin."

Mataki na 3: Ka binciki cutar

Ka ɗauko tsani ka hau. Hitar Malam Birki farar ganga ce da aka rataye can sama da ƙofar banɗaki, da bututu biyu a gindinta da wata 'yar jar fitila da ta saba kamawa, yau kuma ta yi mursisi. Ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Ka kara kunne. Ka ce "hmm." Ba a son ka san abin da kake saurare, ana son dai na ƙasa su ga kana saurare.

Malam Birki ya daɗe yana wannan kafin ya yanke hukunci. Ya ce, "Batir ne."

Sista ta ce, "Hita ba ta da batir."

Ya ce, "To kin gani. Shi ya sa."

Daga nan ya sauko ya je wajen akwatin makunnan wuta na gidan, ya bi su yana kashewa yana kunnawa. Firji ya ɗauke ya dawo. Fanka ta tsaya ta ci gaba. Rediyon Inna ya mutu a daidai lokacin da mai labarai zai faɗi wanda aka kama. Jar fitilar dai ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mataki na 4: Ka kashe wutar gidan gaba ɗaya

Wannan matakin ba wasa a cikinsa, kuma ba Malam Birki ne ya ƙirƙiro shi ba. Sista ce, da ta gama shirin tafiya aiki, ta je da kanta ta sauke babban makunni, gidan ya yi tsit. Ta tsaya a gindin tsani da jakarta a kafaɗa.

Ta ce, "Maigida, irinku ake kawo mana gashi a tsaye, suna cewa dubawa kawai suka yi. Don Allah kada ka sa in tarbe ka a wurin aiki."

Ya ce, "Dubawa kawai zan yi."

Ta kalle shi, ta kalli Inna, ta ce, "Inna, amana." Ta fita.

Mataki na 5: Ka nemi ilimi a waya

Zamani ya zo da sauƙi. Ka buɗe wayarka za ka samu wani bawan Allah a wata ƙasa yana gyara hita cikin fara'a, da yaren da ba ka taɓa ji ba. Kada ka damu don tasa a kwance take taka a tsaye. Hita hita ce.

Malam Birki ya zauna a kan tsani ya kalla tiryan-tiryan. Mutumin ya fara da wani dogon bayani yana nuna wani bututu, Malam Birki ya ga surutu ya yi yawa ya tura gaba. Ka riƙe wannan, domin gwanaye ba sa kallon farkon bidiyo. Da aka zo ainihin wurin aikin kuma, gwiwar hannun mutumin ta rufe komai, sai ga shi ya juyo yana murmushi da babban yatsa a sama, ruwa na tururi.

Malam Birki ya ce, "Ashe ma abin ba wuya."

Mataki na 6: Ka kwance duk abin da ya yarda ya kwantu

Da sukundireba ya cire murfin gindin hitar. Ciki ya tarar da wayoyi kala-kala, da wani faifan ƙarfe da aka ɗaure da notina. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana cewa a ransa ai zai tuna inda kowacce take. Sannan ya ɗauko sifanar mota ya kama notin farko.

Ɗigo ya sauko masa a hanci. Ya ce gumin inji ne. Ya kama na gaba.

Abin da mutumin bidiyo yake ta bayani a farko, wanda aka tura gaba, shi ne a rufe ruwan da ke shiga, a kuma juye wanda ke ciki. Malam Birki ya fahimci haka a lokacin da faifan ya saki, ruwa ya kwararo masa a fuska haɗe da wani farin tsaki kamar dakakken alli. Ya yar da sifana ya danne faifan da hannu biyu. Ruwan ya koma fita ta gefe, yana bin hannun rigarsa yana gangarawa har cikin wando. Ga shi a kan tsani, in ya saki ambaliya, in ya riƙe wanka.

Ya ƙwala kira, "Inna! Inna!"

Inna ta taho a hankali, sanda a hannu ɗaya, ɗayan kuma yana jan kujerar roba. Ta ajiye ta a bakin ƙofa inda ruwa bai kai ba, ta zauna, ta gyara zani.

Ya ce, "Inna, ki rufe ruwan!"

Ta ce, "Ina ake rufewa?"

Ya buɗe baki, ruwa ya shiga. Shekara da shekaru yana gidan nan, bai taɓa tambayar kansa wannan ba.

Mataki na 7: In taimako ya zo, ka raina shi

Auta bai jira yamma ba. Sallamarsa kawai aka ji, ya shigo cikin fararen kaya da ƙamshin turare, yana juya makullin mota a ɗan yatsa. Ya ga ruwa ya malalo har falo. Ya leƙa banɗaki ya ga yayansa a sama, fuska fari fat da tsaki, hannuwa a ɗage kamar wanda aka ce ya miƙa wuya.

Ya ce, "Yaya, me ke faruwa?"

Malam Birki ya ce, "Sabis nake mata."

"Ko in taimaka?"

"Ba sai ka ɓata kayanka ba. Aikin nan ba irin na masu zama a shago ba ne."

Maganar ta soki Auta. Ya cire takalmi ya naɗe ƙafar wando. Ya ce, "Irin wannan ai ina da ita a gida, tawa ma ta fi ta girma. Bari in rufe ruwan."

Ya fita waje ya sami wani famfo a bayan gini ya murɗe shi tam. Can sai ga muryar matar maƙwabci ta kan katanga tana tambayar wane mara tsoron Allah ne ya ɗauke mata ruwa tana tsakiyar wanki. Auta ya mayar ya dawo da gudu. Ya hau bayan tsanin don ya karɓi yayansa, suka haɗu a sama, hannu huɗu a kan faifai ɗaya, kowa na ba kowa umarni.

"Danna ta hagu!"

"Hagunka ko haguna?"

"Birki! Birki!"

"Yaya, ba mota ba ce!"

Inna ta ɗaga sandarta ta nuna wani ɗan jan hannu da ke jikin bututu, kusa da kunnen Malam Birki. Ta ce, "Wancan jan abin fa, ado ne?"

Malam Birki ya murɗa shi. Ƙarfin ruwan ya ragu. Ya ce, "Dama shi nake shirin kamawa."

Suka saki faifan, sauran ruwan gangar ya gama juyewa a kansu. Fararen kayan Auta suka manne masa a jiki, turare ya bi rariya.

Mataki na 8: Duk abin da ya ragu bayan ka mayar, na ado ne

Da suka zaro faifan sai ga wani lanƙwasasshen ƙarfe a jikinsa, wanda shi ne yake dafa ruwan, farin tsaki ya lulluɓe shi. Suka zauna a ƙasa suna kankare shi, Malam Birki da cokali, Auta da makullin motarsa. Rabon da su haɗa kai a kan abu ɗaya tun suna yara, lokacin da suka buɗe agogon bangon gidansu don su ga mai bugawa.

Suka mayar da faifan. Wayoyin ne suka zama abin gardama. Malam Birki ya ce ja sama take, Auta ya ce a tasa ja ƙasa take, suka sasanta a kan tsakiya. Da aka rufe murfi sai ga noti ɗaya da wani zoben roba a ƙasa. Malam Birki ya jefa su aljihu. Ya ce kamfanoni haka suke, sai su cika abu da tarkace don su tsorata mutane.

Ya tura Auta ya ɗaga babban makunni. Ba wanda ya tuna da ɗan jan hannun nan da aka rufe, gangar kuwa ba ko ɗigo a cikinta.

Jar fitila ta kama.

Malam Birki ya daka tsalle. "Inna, kin gani! Kin gani!"

Sai wani wari ya fara tashi, irin na gashi a wuta. Hitar ta yi wani gurnani daga can cikinta, ta ce fas! Fanka ta tsaya, firji ya yi shiru, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen murfi yana hawa sama a natse.

Sai aka ji wani sauti daga kan kujerar roba. Inna ce. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, daga nan abin ya ƙwace mata. Ta yi dariya har sandarta ta faɗi, har hawaye suka zubo. 'Ya'yan suka tsaya suna kallonta. Tun rasuwar babansu ba wanda ya ga haƙoranta haka.

Da ta samu numfashi ta ce, "Wallahi kamar ubanku ya dawo. Haka ya yi wa dutsen gugana. Haka ya yi wa fanka, ya gyara ta ta koma juyawa baya. Shi ma in ya gama sai ya zuba sauran a aljihu, ni ce nake tsintarsu wajen wanki."

Malam Birki ya zauna a matakalar tsani. Ya kalli gwiwoyinta da suka kumbura tun safe ba a gasa ba, duk saboda taurin kansa. Muryarsa ta sauka. Ya ce, "Inna, ki bi shi. Can akwai ruwan zafi. Ni na kasa."

Auta ya sosa ƙeya. Ya kalli silin, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Yaya, wato tawa ɗin, an dai kafa ta."

"Sai me?"

"Ba a haɗa ta ba tukuna. A buta muke dafawa."

Inna ta ce, "Oho. Ashe a kan ruwan buta kuke ja na kamar tabarma."

Malam Birki ya tashi ya shiga kicin ya ɗora babbar tukunya a kan gas, abin da da ya yi shi tun safe da duk ba a kai ga haka ba. Da ruwan ya yi zafi suka kawo shi a bokiti, suka durƙusa a gabanta da tawul, Babba ya ɗauki gwiwar dama, Auta ta hagu. Ko a nan sai da suka yi musu a kan wanda ya fi iya matsewa.

Mataki na 9: In mai gyara ya zo, ba ka san komai ba

A haka Sista ta dawo ta same su, da mai gyara a bayanta, wani dattijo da jakar kayan aiki. Tun a hanya ta biya ta ɗauko shi, ba ta ko tambayi inda aka kwana ba. Ya hau tsani ya buɗe murfin. Ya daɗe yana kallo. Ya zaro ƙarfen da ya ƙone ya yi baƙi, ya juya shi, ya kalli wayoyin da aka sasanta a tsakiya.

Ya ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Malam Birki ya kalli Auta. Auta ya kalli bokiti.

Inna ta ce, "Ni ce."

Mai gyara ya kalli tsanin tun daga ƙasa har sama. Ya kalli gwiwoyin Inna a naɗe cikin tawul. Ya kalli maza biyu jiƙe sharkaf, fuskokinsu sun yi fari kamar an yi musu fenti. Ya gyara murya.

Ya ce, "Mama, kin yi ƙoƙari. Amma nan gaba ki riƙa bar mana."

Ta ce, "Na ji, ɗana. Ƙuruciya ce."

Sista ta juya ta fuskanci bango, bayanta na girgiza. Malam Birki ya matso, ya sa hannu a aljihu a hankali, ya ajiye noti da zoben roba a bakin wurin wanke hannu kamar a nan ya gan su. Ya ce, "Malam, wai tun farko me ya same ta ne?"

Mai gyara ya ce, "Tun farko? Yanzu kam Allah kaɗai ya sani."

Kafin rana ta faɗi an sa sabon ƙarfe, an buɗe ruwa, ganga ta cika, tururi ya turnuƙe banɗaki. Auta ya ɗauko jakar Inna da aka haɗa tun safe ya tsaya da ita a bakin ƙofa.

Inna ta ce, "Mai da ta ɗaki. Ka je ka haɗa taka, in ta yi zafi na zo in yini. Amma kwana kam a nan zan kwana. In na tafi, wa zai riƙa ɗaukar wa wannan laifi?"

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Silin da ya rufto, gashin da ya miƙe, maƙwabciyar da ta daina gaishe ka, matar da take kallonka tana dariya ba dalili, duk kai da su. Ban ce ka hau tsani ba, ban ce ka taɓa waya ba, in ma an ce na ce, ba a fahimce ni ba ne. Kafin ka ɗauki sifana, ka leƙa ɗaki ka tabbata akwai tsohuwar da za ta kalli idon mai gyara ta ce ita ce. In babu, ɗauki waya ka kira shi tun da safe.